GAYYAR CETON TSUNTSAYE A ƘASAR NIYU ZILAN

'Yan kasuwan da su ke cinikin madarar gari a Nijeriya sun san buhunan da su ke zuwa da sunan Niyu Zilan a jikinsu. Ƙasar nan tana can kudu maso gabashin duniya, fiye da mil 1,000 gaba da Ostareliya. Manyan tsibirai biyu ne da ƙanana masu yawa, mutanenta kuwa sun ɗara miliyan biyar da kaɗan. Ƙasa ce ta makiyaya. A shekarar 1982 tumakinta sun kai miliyan 70, yanzu sun ragu, ba su kai miliyan 25 ba, shanunta kuwa sun kusa miliyan goma.

Duk takardar kuɗin ƙasar da mutum ya juya bayanta, hoton tsuntsu zai gani. Ƙwandalar dala guda kuwa hoton wani tsuntsu ne a jikinta mai suna kiwi, har ma sunan da mutanen ƙasar su ke kiran kansu da shi ke nan. Amma duk da wannan ƙauna, masana sun ƙiyasta cewa kowace shekara ɓeraye da waɗansu baƙin dabbobi suna hallaka ƙwai da 'yan tsaki da manyan tsuntsaye wajen miliyan 25. Tun da 'yan Adam suka sauka ƙasar, tsuntsaye fiye da iri 50 sun ƙare ƙaf, ba za a sake ganinsu ba.

To, yanzu manoma da akawuna da 'yan kasuwa da 'yan makaranta na ƙasar sun haɗa kai suna aikin gayya don su tsare abin da ya rage. Labarin wannan gayya ya cancanci manomi ya ji shi, domin manoma na da hannu a ɓarnar, kuma ba a iya gyaran sai da su.

Ƙasar Tsuntsaye

Kafin mutane su zo, babu dabba mai shayarwa ko ɗaya a doron ƙasar nan, in ban da jemage. Ba kura, ba dila, ba muzuru, ba ɓera. Abokin gaban tsuntsu sai ɗan'uwansa tsuntsu, watau shaho da gaggafa, waɗanda da ido su ke farauta daga sama. Saboda haka dabarar da tsuntsayen ƙasar suka gada ita ce, in sun ji motsi su ƙame wuri ɗaya su saje da ganye. Da yawa daga cikinsu sun daina tashi sam, a ƙasa su ke kiwo, a ƙasa su ke sheƙa, ko a cikin rami ko kogon itace. Ba su kuma yawan ƙwai.

Kiwi girmansa kamar kaza, ba shi da fiffiken kirki, da dare ya ke fita. Bakinsa dogo ne, ƙofofin hancinsa kuwa a can ƙarshen bakin su ke, da su ya ke shinshino tana a cikin ƙasa. Ƙwansa guda ya kan kai kashi ɗaya cikin biyar na nauyin uwar. A irin kiwin da ya fi yawa, namijin ne ya ke kwanci, har kwana 75 ko 80. Akwai kuma wani aku mai suna kakapo, wanda ya fi kowane aku nauyi a duniya, ya kan kai kilo huɗu. Shi ma ba ya tashi, kuma ba ya hayayyafa sai shekarar da wani itace mai suna rimu ya yi 'ya'ya sosai, watau bayan shekara biyu zuwa huɗu.

Ƙamewa wuri ɗaya magani ce ga mai farauta da ido. Ga mai farauta da hanci kuwa, abinci ne aka ajiye masa.

Yadda Ɓarna Ta Shigo

Mutanen da suka fara zama a ƙasar su ne Mawori, waɗanda suka iso cikin jiragen ruwa wajen shekarar 1300. Sun zo da kare da wani ƙaramin ɓera. A cikin shekara ɗari da 'yan kai, wani ƙaton tsuntsu mai kama da jimina, mai suna mowa, ya ƙare saboda farauta. Daga 1769 jiragen Turawa suka fara zuwa, manyan ɓeraye iri biyu suka sauka daga cikinsu. Ɗaya daga ciki, baƙin ɓera, gwanin hawan itace ne, ba sheƙar da ta fi ƙarfinsa. Turawa suka kawo kyanwa, suka kawo bushiya don ta cinye musu ƙwarin lambu, ita kuwa ta sami ƙwan tsuntsu a ƙasa ta dinga sha.

Suka kuma kawo zomo daga Turai don nama da farauta. Zuwa shekarun 1870 zomaye sun zama annoba a makiyayar kudu. Zomo kamar goma ya kan cinye ciyawar tunkiya guda, ga kuma ramuka da su ke zaizaye ƙasa. Tumaki suka rame, ulu ya ragu, waɗansu makiyaya suka bar gonakinsu. Sai suka matsa wa Gwamnati a kawo musu abin da ya ke cin zomo a Ingila, watau wata dabba mai suna sitot da 'yan'uwanta biyu.

Sitot ɗan'uwan bodari ne, siffarsa kamar ɗan ƙaramin tunku, nauyinsa bai kai laba guda ba. Yana hawan itace, yana iyo, yana shiga duk ramin da kansa ya shiga, kuma ya kan kashe fiye da abin da zai ci ya ɓoye saura. Tun cikin 1876 wani malamin ilmin tsuntsaye na Jami'ar Kambirij, Alfred Newton, ya yi gargaɗi kada a kai irin waɗannan dabbobi ƙasar. Ba a saurare shi ba. Daga 1884 aka dinga sauke su daga jirgi ana saki a gonaki, har aka yi doka ta hana kashe su, ba a soke ta gaba ɗaya ba sai 1936. Zomo bai ƙare ba. Sitot kuwa ya tarar tsuntsun da ba ya gudu ya fi zomo sauƙin kamu, sai ya nausa daji. Garin neman gira an rasa ido.

Ta ƙarshe ita ce fosam, wata dabba mai girman kyanwa da ta ke goyon ɗanta a aljihun cikinta. An kawo ta daga Ostareliya don a yi cinikin fatarta, ta kama ƙasa tun daga 1858. Tana cin tohon itatuwa har su bushe, tana shan ƙwai, tana cin 'yan tsaki. A shekarun 1980 an ƙiyasta yawanta ya kai miliyan 60 zuwa 70.

Mutum Ɗaya Da Kwalekwale

A shekarar 1894 Gwamnati ta naɗa wani mutum mai suna Richard Henry ya zama mai gadin wani tsibiri da a ke kira Resolution, a kudu maso yammacin ƙasar. Shi kaɗai da yaronsa da karensa, wanda ya sa wa takunkumi, su ke shiga daji su nemo kakapo da kiwi, ya sa su a kwalekwale ya ƙetarar da su tsibirin, cikin ruwan sama da sanyi da igiyar ruwa. Cikin shekara shida ya ƙetarar da tsuntsu fiye da 700.

A shekarar 1900 aka ga sitot a tsibirin. Ruwan da ya raba tsibirin da babbar ƙasa bai kai rabin mil ba, ashe iyo ya yi ya haye. Abin da ya ƙara muni, macen sitot tun tana jaririya a cikin sheƙa namiji ya ke barbararta, saboda haka kusan duk macen da ta bar gida da ciki ta ke tafiya. Guda ɗaya ta isa ta cika tsibiri. Cikin 'yan shekaru wahalar Henry duka ta tafi a banza, a 1908 ya bar wurin. Dabararsa daidai ce, har yau da ita a ke aiki. Abin da ya rasa shi ne mataimaka, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka.

Fam Biyar Na Maganin Ɓera

A shekarar 1959 aka tarar ɓeraye sun kashe ɗaruruwan tsuntsayen teku a wani ɗan mitsitsin tsibiri mai suna Maria, kusa da birnin Auckland. Waɗansu 'yan ƙungiyar masu son daji da tsuntsaye, da wani malamin makaranta a gabansu, suka roƙi taimako, Gwamnati ta ba su fam biyar. Suka sayi maganin ɓera suka dinga zuwa suna zubawa. Zuwa 1964 aka duba, babu ɓera ko ɗaya. Nufinsu su rage ɓera ne kawai, sai ga shi sun ƙarar da shi, abin da a lokacin ba a zaci mai yiwuwa ba ne.

A wannan shekara ta 1964 kuma aka ga abin da sakaci ya ke jawowa. Baƙin ɓera ya sauka daga jirgi a wani tsibiri na kudu mai suna Taukihepa, inda Mawori su ke zuwa kamun tsuntsun teku kowace shekara. Kafin a farga, tsuntsu iri biyu da jemage iri ɗaya sun ƙare daga duniya. Wani iri na uku, mai suna tieke, an tsere da guda 36 zuwa waɗansu tsibirai, daga su ne duk na kudancin ƙasar na yau suka fito.

Daga nan ma'aikatan daji suka ɗauki abin da gaske. Suka fara da ƙananan tsibirai, suna koyo suna ƙara girma, har a 2001 suka share ɓera daga tsibirin Campbell mai faɗin eka wajen 28,000. Yanzu tsibiran ƙasar fiye da 100 an raba su da baƙin dabbobi. A irin waɗannan tsibirai aka tara kakapon da ya rage. A 1995 guda 51 ne kacal a duniya, a 2022 sun kai 252, kowanne da sunansa da 'yar na'urar da ta ke nuna inda ya ke.

Jama'ar gari ma ba a bar su a baya ba. Tsibirin Tiritiri Matangi, mai eka wajen 540, an yi shekara 120 ana kiwo a kansa har ya zama fako. Daga 1984 zuwa 1994 dubban 'yan sa kai, har da 'yan makaranta, suka dinga hayewa ranakun hutu, suka dasa itace fiye da 250,000. A 1993 aka kashe ɓerayen wurin, aka mai da tsuntsaye. Yanzu kowa yana iya biyan kuɗin jirgi ya je ya ji irin kukan da dajin ƙasar ya ke yi a da.

Daga Shinge Zuwa Bayan Gida

Amma mutane ba a waɗannan tsibirai su ke zaune ba. Sai waɗansu mutanen Wellington, babban birnin ƙasar, suka yi shawara su yi tsibiri a kan tudu. Akwai wani kwari a gefen gari inda tsohuwar madatsar ruwan birni ta ke, mai eka wajen 550. Suka tara dabbobin nan suka gwada su, aka auna iyakar tsallen kowace, da haƙanta, da ƙanƙantar kafar da za ta iya kurɗawa. Sa'an nan a 1999 suka kewaye kwarin da shingen waya mai tsawon mil biyar da 'yan kai. Tsayinsa ya ɗara ƙafa bakwai, bisansa an kifa ƙarfe mai santsi don mai hawa ya zamo, ƙasansa kuwa an shimfiɗa waya a binne don mai haƙa ya tarar da ita. Sunan wurin Zealandia.

Tsuntsaye suka hayayyafa a ciki, masu fiffike suka fara tsallake shinge suna shiga unguwanni. Wani aku mai suna kaka, wanda ya daɗe da ɓacewa daga birnin, aka saki guda shida a 2002, yanzu garke garke su ke yawo a sararin gari. Amma duk wanda ya yi sheƙa a waje, ɓera na jiransa.

A nan ne talakawan gari suka shigo. Wajen 2014 wani mazaunin unguwar Crofton Downs mai suna Kelvin Hastie ya bi gida gida yana roƙon maƙwabta su karɓi tarko kyauta su ajiye a bayan gida. Lissafinsa shi ne, in gida ɗaya cikin kowane biyar yana da tarko, ba ɓeran da zai yi yawon dare bai gamu da ɗaya ba. Tarkon a cikin akwatin katako ya ke, mai 'yar ƙofa da waya, yadda yaro ko kyanwa ko tsuntsu ba zai sa hannu ko kai ba. Abincin da a ke sawa kuwa tunkuzar gyaɗa ce, ga sitot kuma ƙwan kaza ko naman zomo. Wanda duk ya kama, sai ya sanar a rubuta. Unguwa ta ga unguwa, abin ya bazu.

A watan Yuli na 2016 Firayim Minista na lokacin, John Key, ya yi shelar cewa ƙasar ta ɗauki alkawarin raba kanta da ɓera da sitot da fosam gaba ɗaya kafin shekarar 2050.

An gwada wannan a wani yanki na Wellington mai suna Miramar, mai eka wajen 3,000 da mutum wajen 20,000. Teku ta kewaye shi, sai wani ɗan siririn wuya inda filin jirgin sama ya ke. Daga 2019 aka auna yankin kamar yadda malamin gona ya ke auna fili: kowane yadi 55 akwatin guba, kowane yadi 110 tarko, ko ya faɗo a gidan wa, ko kanti, ko makaranta, ko gaɓar teku. Dubban masu gidaje suka yarda ma'aikata su riƙa shiga bayan gidansu. Aka liƙa 'yan katuna masu tunkuza a jikin itatuwa, don in ɓera ya gaigaya a gane shi ta sawun haƙori. Aka kawo karnukan da aka horar su shinshino ɓera. Wanda ya ga ɓera ko kashinsa, sai ya buga waya. A watan Nuwamba na 2023 aka ba da sanarwa cewa manyan ɓeraye iri biyu da sitot sun ƙare a Miramar, ƙidaya kuma ta nuna tsuntsayen ƙasar sun ƙaru da wajen kashi 70 cikin 100. Har yanzu ɓera ya kan saɗaɗo jefi jefi, mutanen unguwa ne su ke fara ganinsa.

Rabon Manoma

Manoma sun riga mutanen birni shiga yaƙi da fosam, domin ta taɓa musu aljihu. Wajen 1970 aka gane ita ce ta ke yaɗa tarin fuka ga shanu. Fosam mai ciwo ta kan fito fili tana tangaɗi, saniya ta zo ta shinshina ta ko ta lashe ta, shi ke nan ta ɗauka. A 1994 garke wajen 1,700 ne su ke da cutar. Makiyaya suka yarda a riƙa cire wani abu daga kuɗin madara da na kowace saniyar da aka yanka, Gwamnati ta ƙara nata, aka yi ta gwajin shanu ana kashe fosam. Yanzu garkunan da su ke da cutar ba su kai 50 ba. Tsuntsaye suka ci albarkacin shanu.

Shi kiwi, inda ba a tsaronsa, cikin 'yan tsaki 100 biyar ne kaɗai su ke girma, yawancin sauran sitot ne ya ke cinye su. Amma da zarar ɗan tsako ya kai kilo guda, watau laba biyu da ɗan ɗori, ya fi ƙarfin sitot, da ƙafa ya ke korarsa. Saboda haka aikin duka shi ne a tsare shi wata shida na farko. Hanya biyu a ke bi. Ko a ɗauke ƙwan a ƙyanƙyashe shi a inji, a yi renon ɗan tsakon a wuri mai tsaro har ya kai nauyin, sa'an nan a mai da shi, wanda ta haka wajen 65 cikin 100 su ke rayuwa. Ko kuwa a cika dajin da tarko.

Manoman Whangarei Heads, a arewacin ƙasar, sun bi hanyoyin nan biyu. A 2001 kiwinsu wajen 80 ne, bayan shekara ashirin sun haura 1,000. Yadda su ke ƙidaya kuwa, kowace shekara lokacin sanyi, a dararen da babu farin wata, mutane su kan zauna a wuraren da aka sa musu, awa biyu bayan duhu ya yi, dare huɗu, suna rubuta kukan da suka ji, na namiji dabam na mace dabam. Shekara da shekaru a wuri ɗaya a ke zama, don lissafin bana ya yi daidai da na bara.

A tuddan yammacin Wellington kuma, masu gonaki fiye da 100 suka buɗe ƙofofinsu aka kafa tarko fiye da 4,500 a fili mai eka wajen 57,000. Da aka tabbata sitot ya ragu, a watan Nuwamba na 2022 dattawan Mawori suka rako kiwi 11 aka sake su a gonar tumaki. A ƙarshen 2023 aka sami 'yan tsaki biyu, su ne na farko da aka ƙyanƙyashe a dajin wurin cikin fiye da shekara 100.

Babban kiwi kuwa, kare ne ajalinsa. Ƙirjinsa ba shi da ƙashi mai ƙarfi, ko da wasa kare ya cafke shi sai ya mutu. A 1987 kare guda ɗaya da ya ɓace a dajin Waitangi an ƙiyasta ya kashe kiwi wajen 500 cikin mako shida. Kiwi ya kan yi shekara 50, amma a arewacin ƙasar, saboda karnuka, yawanci ba ya wuce 14. Don haka manomi mai kiwi a gonarsa ya kan ɗaure karensa da dare, mafarauta kuwa su kan kai nasu a horar da su har su riƙa kauce wa warin kiwi.

Inda Gizo Ya Ke Saƙa

Kada mai karatu ya ɗauka an gama. Kiwin da ya rage a ƙasar duka wajen 70,000 ne, kuma inda ba tarko yana raguwa da kashi biyu cikin 100 kowace shekara. Yawancin dajin ƙasar duwatsu ne da kwazazzabai inda mai tarko ba ya iya zuwa. Bayan 'yan shekaru kuma itatuwan dajin kudu su kan zubar da iri mai yawan gaske, kamar yadda aka yi a 2014 da 2019. Ɓeraye su ƙoshi su hayayyafa, sitot ya ƙoshi da ɓera shi ma ya hayayyafa, in iri ya ƙare duka su juya kan tsuntsaye.

A irin waɗannan wurare Gwamnati da jirgi mai saukar ungulu ta ke watsa wata guba da a ke kira 1080. Wannan ya raba kan jama'a. Mafarauta suna kuka tana kashe musu barewa, masu karnuka suna kuka domin kare in ya ci mushen da ta kashe ba ya tashi, waɗansu kuma suna tsoron ruwan sha. A 2011 jami'ar da Majalisa ta ɗora wa binciken al'amuran muhalli, Jan Wright, ta duba hujjojin kowa, ta ce a ci gaba da amfani da ita, a ma ƙara, domin in an daina dajin zai yi shiru. Har yanzu gardamar ba ta mutu ba.

Sai maganar kyanwa. Gida biyu cikin kowane biyar suna da ita, mutumin da ya ke murna ya kama ɓera kuwa ba ya son a ce tasa kyanwar ma ɓarauniya ce. Sai a ƙarshen 2025 Gwamnati ta ce za ta sa kyanwowin da suka zama na daji cikin jerin waɗanda za a kawar. Ga kuma maganar kuɗi, domin masana da yawa suna ganin da tarko da gubar da a ke da su yanzu ba za a cika alkawarin 2050 ba, sai an sami sabuwar dabara.

Abin Lura

Akwai abu biyu a labarin nan da za su amfani manomi ko a ina ya ke. Na farko, makiyayan da suka nemi a kawo sitot ba mugaye ba ne, mutane ne da zomo ya cinye musu dukiya, suna neman magani da gaggawa. Sakinsa bai ɗauki shekara goma ba, ga shi jikokin jikokinsu sun shekara 140 suna biya. Duk wanda aka kawo wa baƙuwar dabba ko baƙon tsiro aka ce magani ne, ya kamata ya tambaya: in ya gama da abin da aka kawo shi dominsa, ko ya ƙi shi, me zai ci?

Na biyu, baƙin ɓeran nan da ya addabe su, shi ne dai wanda jiragen ruwa da manyan motoci suka yaɗa a garuruwan Afirka ta Yamma, yana ɓarna a sito da kanti. Abin da mutanen Miramar suka tabbatar shi ne, wanda ya kashe ɓeran gidansa shi kaɗai, ɗaki ya share wa ɓeran maƙwabcinsa. Sai an auna wuri, an fara rana ɗaya, kowa ya rufe abincinsa, an sami mai rubuta abin da aka kama, kuma ba a daina dubawa ba bayan an daina kamawa.

'Yan tsakin nan biyu da aka ƙyanƙyashe a tuddan Wellington a 2023, in sitot da kare sun bar su, shekarunsu 27 ke nan a 2050, ko tsufa ba su fara ba. Ko za su kai, ya rataya ga mutanen da su ke hawa tudun nan cikin iska da ruwa, wata bayan wata, suna buɗe akwati suna sake ƙwai.